Ranar da Robona Ya Wanke Gonar Kakanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta ƙarshen bazara, ranar da na tara iyayena a gidana da sunan zan sasanta su. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar darasi, sai alli ya tsaya mini a hannu, ɗalibai su zuba mini ido suna jiran in ƙarasa maganar da na fara.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Dogon Dutsi, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, shi ya sa kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan, har matan da suka goye ni ina ƙarami. Asalinmu wani ƙauye ne can gaba da Matankari. Da Allah ya sa na gina ƴan ɗakunana a gari, sai na sa aka shimfiɗa mini karo, wato tayil, fari tas a daɓen salon, falona ke nan, kuma tun daga ranar na zama bawan karon nan. Duk wanda ya zauna garinmu ya san halin rairayi: ka share yanzu, kafin ka jingine tsintsiya ya dawo a tafin ƙafar wani. Maiɗakina Rabi aikin asibiti take yi, da sassafe take fita, ni kuma (bari in faɗi gaskiya) na fi iya ganin datti a kan in duƙa in goge shi.

Ana haka wani abokina mai sayo kaya daga Kwatano ya nuna mini wata na'ura, ya ce robo ake ce mata. Zagayayyen abu ne mai faɗin faifai, da ƴan gashin baki biyu masu juyawa suna tattaro datti, da ɗan tankin ruwa a cikinsa, da tsumma a ƙarƙashi. Ka sa masa lokaci a salula, idan lokacin ya yi sai ya fito daga mazauninsa da kansa, ya share, ya wanke, ya koma ya ɗora kansa a caji. Yana ma magana, da Faransanci, da muryar wata mace mai ladabi. Amma abin da ya sace mini zuciya shi ne yana zana taswirar gida a fuskar salula, ga salon, ga lungu, ga inda kujera take. Malamin labarin ƙasa ya ga na'ura mai zana taswira, ai magana ta ƙare. Rabi ta ce, "Mu da ke fama da ɗauke wuta?" Na ce mata ba ta san cigaba ba.

Ba zan zalunci robon ba, yana aikinsa. Sai dai ba a ƙera shi don rairayin Arewa ba, kullum sai na juye cikinsa sau biyu, in tsefe gashin bakinsa, in wanke tsummansa in shanya. Idan aka lissafa, hidimar da nake yi masa ta fi wadda da zan yi wa daɓen. Ban damu ba. Duk baƙon da ya shigo, ko gaisuwar mutuwa ya zo yi mini, sai ya ga robo kafin ya fita.

To ga maganar da ta tara mu. Kakanmu ya bar gona guda babba, da ƴaƴa maza huɗu: Baba Arzika ne babba, sai mahaifina, sai Baba Noma, sai autansu Baba Bawa. Ba a taɓa raba ta a takarda ba, kowa ya san inda yake nomawa, shi ke nan. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, ni ma ina samun ƴan dammuna daga wajensa ba tare da na san zafin hauya ba. Da Baba Bawa ya rasu ya bar matarsa Inna Hasiya da ƴaƴa mata ƙanana, sai iyakar da ke tsakaninsa da Baba Noma ta fara tafiya. Bana kunya ɗaya, baɗi biyu, har wani kwari da ke gindin wani babban gawo, wanda shi ne wuri mafi riƙe ruwa a duk gonar, ya koma wajen Baba Noma. A jigawa kawai aka bar Inna Hasiya. Idan ruwa ya yi tsaiko na kwana goma, hatsinta ne yake fara ƙonewa, kuma shekara biyu ke nan rumbunta ba ya kai ta tsakiyar rani. Ita ba ta iya buɗe baki gaban wan mijinta, ko sunansa ba ta faɗa. Ga shi hadari ya fara haɗuwa da maraice, idan ruwan shuka ya sauka ba a daidaita ba, kwarin ya sake tafiya shekara guda.

Baba Arzika ya so a zauna a ƙauye, gindin bishiya. Ni na hana. Na ce a ƙauye kowa zai sa baki, a zo gidana, wuri ne da ba na kowa ba a cikinsu. Wannan gaskiya ce, amma rabinta ce. Ɗaya rabin, ina so su ga karo, su ga fanka, su ga abin da ɗan ɗan'uwansu ya zama. Na buga hoton gonar irin wanda tauraron ɗan Adam yake ɗauka daga sama, na tanadi farar takarda da alƙaluma masu launi. Kuma tun ranar Juma'a na sa wa robo lokaci, ƙarfe biyu daidai na ranar Asabar. A lissafina a lokacin an gama magana, ana shan fura, sai kawai su ga abu ya fito daga bayan kujera yana wanke ɗaki ba mai tura shi. (Ni da nake sallar azahar ƙarfe biyu kullum ta Allah, ban ga abin da ke cikin wannan lissafi ba.)

Da hantsi suka iso. Tun daga ƙofar gida suka tuɓe takalma, suka ƙi hawa kujeruna, sai da Rabi ta shimfiɗa musu tabarma. Inna Hasiya ta zauna can bakin ƙofa, ta juya gefe. Bayan an gaisa an sha ruwa, na baje hotona a gabansu, na gyara murya irin ta aji. Baba Arzika ya ɗauke shi, ya kai kusa da ido, ya juya shi sama ya koma ƙasa, ya ajiye.

"Mushe, wanga gonar wani ce. Ni ban ga tamu ba. Mu hita waje in zana muku ga ƙasa."

Na ce, "Haba Baba, a wannan rana? Ga fanka, ga inuwa."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "To in ba mu zuwa wurin ƙasa, kawo man ƙasar nan."

Haka na fita tsakar gida na ciko babbar tasa da rairayi, na zo na juye a kan karon da nake hana mutane takawa da takalmi. Na ga Rabi ta rufe baki da gefen mayafi, ta koma madafa da sauri.

Baba Arzika ya baje rairayin da tafin hannu ya yi sumul, ya ce bisimilla, ya sa yatsa. Ya fara jan burtali daga arewa, inda shanun Fulani suke bi. Ya ciro goro daga aljihu ya dasa, ya ce ga gawo. Ya nemi ƙwallon dabino ya ajiye, ya ce ga tsohuwar rijiya da ta rushe. Ya karya tsinken ashana ya jera inda kakanmu ya shuka gamba. Da babban yatsa ya danna rairayin ya yi ɗan rami gefen goron, kowa ya san kwarin ke nan. Ni da na shekara goma sha wani abu ina zana koguna da duwatsun ƙasashen da ban taɓa zuwa ba a kan allo, sai ga ni na yi tagumi kamar ɗan aji ɗaya. Hotona yana nuna gonar, amma duk launin ƙasa ɗaya ne a cikinsa. A zanen Baba kuwa kowane taku da labarinsa: nan jakin kakanku ya mutu, nan ubanka ya sare ƙafa da gatari, nan ne in an yi ruwa da yawa ake samun lalo.

Ba a yi abin cikin daɗi ba. Baba Noma mutum ne mai zafi, mai son a san shi ma babba ne. Ya ja nasa layin da ƙarfi har yatsansa ya taɓo karo, ya sa goron da ramin a wajensa, ya ce tun yana saurayi nan yake nomawa. Baba Arzika bai ce masa ƙarya yake yi ba. Bai ma kalli layin ba. Ya ci gaba da zanensa yana ba da labari kamar ba shi ake wa magana ba, aka ɗauki awa biyu ana zagaye. Can sai ya ɗora wata ƴar tsakuwa kusa da goron, ya ce, "Nan kuma Bawa ya kafa rumbu, shekarun da Noma ya tahi cin rani ya daɗe bai dawo ba. Shi kaɗai ya nome wajen nan da wancan, ya zuba hatsin Noma daban. Ko zangarniya guda bai kai gidanai ba." Ya faɗi haka da muryar da ya faɗi mutuwar jaki, ya wuce zuwa maganar wata sabara.

Na ji Inna Hasiya tana jan hanci a hankali. Baba Noma ya daɗe yana kallon tsakuwar nan. Sannan ya miƙa hannu ya shafe layin da ya ja, ya sa yatsa ya ja wani sabo, a hankali, ta ɗaya gefen goron. Gawo da kwari suka koma wajen marigayi. Bai ce uffan a kan abin da ya yi ba. Ya kakkaɓe hannu, ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Kai, zahin bana ya yi yawa."

Baba Arzika ya ce, "Ya yi yawa kam." Sannan ya ce, "An kira salla. Mu tahi, in mun gama mu taho da liman ya gani da idonai, a shafa fatiha."

A lokacin na ji kaina ya kumbura, wai a gidana aka yi wannan. Salulata tana aljihu, da na ciro ta na ɗauki hoton zanen da ba a kai ga wannan labari ba. Na ma yi tunanin haka. Sai na ce a raina bari liman ya zo tukuna, a ɗauka da kowa da kowa, ni a tsakiya, in tura wa dangi su gani. Rabi ta ja Inna Hasiya zuwa rumfar can ƙarshen gida su yi salla su ci abinci, ta ja ƙofar salon ta rufe gam, tana cewa kada kaji su shiga su ɓata wa Baba aiki.

Muna raka'a ta biyu salula ta yi ɗan motsi a aljihuna. Na san wannan motsin kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Robo ne yake sanar da ni ya fara aiki. Na tuna zanen Baba yana nan a baje a tsakiyar daɓe. Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta a sauran raka'o'in ba, kuma ban taɓa jin limaminmu ya daɗe a sujada kamar ranar ba. Ana sallamewa na zaro salula na danna a tsayar da shi, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, layi ya ƙi. Na kira Rabi, wayarta tana ɗaki. In ruga kuwa ba hali, Baba Arzika ya riga ya dafa kafaɗata, da ni yake tafiya saboda gwiwa. Muka tako a hankali, ni da shi da Baba Noma da liman da wasu dattawa biyu na unguwa da aka gayyato shaida. Tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, Baba yana tsayawa yana gaisawa da mutane, ni ina ta addu'a a ɗauke wuta, na manta abin da batir yake aiki.

Na tura ƙofa.

Gonar kakanmu ta zama taɓo. Robon ya bi ta kai da kawowa, layi bayan layi, ya haɗiye abin da ya iya haɗiyewa, sauran ya jiƙa shi ya shafe daɓen da shi tun daga bango har bango. Ba burtali, ba gamba, ba kwari. Goron yana can ƙarƙashin kujera. Shi kuma gogan yana tsakiyar ɗaki ya cije, ƙwallon dabino ya maƙale masa, muryar macen nan tana ta maimaitawa cikin ladabi, a taimaka a duba mata ciki. Liman ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi, wa ke magana?" Ba haka na tsara su fara ganinsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da yau dariya kawai muke yi. Rairayi bai ƙare a tsakar gida ba, yatsan Baba Arzika yana nan. Har na ga ya fara naɗe hannun riga yana neman inda zai zauna. Amma kunya ta riga ta rufe mini ido, ina so in gyara ɓarnata nan take, in nuna wa baƙin nan cewa ba a yi asarar komai ba. Sai na ɗaga murya, muryar nan ta aji, na ce:

"Ba komai, Malam, ni shaida ne, da idona na gani! Baba Noma ya yarda ya ci iyakar marigayi, ya mayar wa Inna Hasiya da kwarinta da gawonta. Fatiha kawai ta rage."

Na ji kalmar "ya ci" tana fita daga bakina, na so in kamo ta, ta riga ta tafi. Dattawan biyu suka dubi Baba Noma, suka sunkuyar da kai. Fuskarsa ta sauya a gabana.

"Ni? Ni na ci iyaka? Yaushe ka ji na ce haka?" Ya juya wajen wansa. "Yaya, ka ji na ce wani abu?"

Baba Arzika ba ya ƙarya. Ya ce, "Ban ji ba."

"To." Baba Noma ya gyara hularsa. "A kira ni gari a tara man mutane, ɗan da anka haifa gabana ya ce man ɓarawo." Ya fita, ya sa takalmansa a ƙofar gida, ko waiwaye bai yi ba. Na bi shi ina "Baba, Baba", ya tare ɗan kabu-kabu ya hau.

Sai a lokacin na gane abin da tsohon ya kwashe awa uku yana ginawa. Ya shirya komai ne don ƙanensa ya mayar da kwarin ba tare da ya buɗe baki ba, liman ya zo ya ga zane kawai, ya shafa fatiha a kan layi, ba wanda zai tambayi wa ya ja shi, ko ina yake da safe. Robo rairayi kawai ya share. Sauran ni na share.

Baba Arzika ya ba liman haƙuri, suka tafi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Inna Hasiya ta shigo ta tsaya tana kallon taɓon. Ta durƙusa ta zaro goron daga ƙarƙashin kujera, ta goge shi da gefen zaninta, ta miƙa wa Baba da hannu biyu. Sannan ta ce mini, "Mushe, ka yi ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Da suka tafi, ni da Rabi muka ɗebo bokiti da tsumma muka durƙusa muka wanke salon da hannu. Da muka kai bakin ƙofa, ta matse tsumma ta ce, "Da ka bari Baba ya zauna."

Kwana huɗu bayan nan ruwan shuka ya sauka, mai yawa. Ina jin ƙamshin ƙasa amma ban ji daɗinsa ba, don na san kowa a ƙauye ya fita da iri. Na ce zan je Asabar, Asabar ta zo na ce akwai gyaran takardun jarrabawa. Tsoro ne kawai. Sai Asabar ta biyu na ɗaure na hau babur. Na sami Baba Arzika a zaure yana tufkar igiya. Na fara jero ban-haƙurin da na haddace a hanya, ya ɗaga mini hannu.

"Tahi gona ka duba. Ka bar bakinka nan wurina, in ka dawo ka ɗauka."

Na yi shekaru ban taka gonar nan ba, amma ban ɓata ba, zanen Baba yana kaina. Ga burtali, ga gamba, ga ramin tsohuwar rijiya. Hatsi ya tsiro ko'ina, kore shar, layi-layi. Na hango Baba Noma a wajensa yana duba tsiro. Na bi layukansa da ido, sai na ga sun zo daidai gawo sun tsaya cak, a daidai inda yatsansa ya bi a salon ɗina. Ta ɗaya gefen kuma shukar Inna Hasiya ta tsaya a bakin jigawa. Kwarin yana tsakiya, baƙar ƙasa mai laima, ba ko rami ɗaya a cikinsa. Kwana goma ke nan da ruwa.

Inna Hasiya tana nan da ƙwaryar iri tana cike gurbin da bai tsiro ba. Na gaishe ta, na nuna kwarin da haɓa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ba a shafa fatiha ba, Mushe. Ba wanda ya ce man komi. In na sa iri a ce ni na ci."

Maganganu suka cika mini baki. Na so in ƙwala wa Baba Noma kira in tambaye shi, ko in je in ɗauko liman na ƙauye, ko in yi mata bayanin abin da layukan nan suke nufi. Na haɗiye su duka, da ƙyar. Sungumi yana jingine a jikin gawo. Na tuɓe takalma, na naɗe wando, na ɗauke shi na shiga kwarin na fara sara. Sara biyar na yi ban ji motsi ba. A na shida na ji takunta a bayana, tana zuba iri tana rufewa da diddige.

Baba Noma ya miƙe ya tsaya, hannu a ƙugu. Ina jin idonsa a ƙeyata. Na kai ƙarshen layi na juyo, na kama na biyu, tafin hannuna har ya fara tashi. Sai ga shi ya tako, ya zo har gindin gawon, ya tsaya a wajensa bai ƙetare ba. Ya dubi aikina sama da ƙasa, ya tsartar da yawu gefe.

"Mushe, layinka ya karkace. Kuma ramun sun yi kusa. Buɗa ƙafa, wurin ga yana da ƙarhi, in ka matse mata su ba su yin kai."

Ya juya ya koma wajen tsironsa. "Mata" ya ce, wato shukarta ce. Inna Hasiya ba ta ɗago ba, amma na ga irin yana zubewa ta tsakanin yatsunta. Na ce, "To, Baba," na buɗa ƙafa.

Shukar ta makara, kwarin bai ba da abin da ya saba ba a shekarar, kuma wannan gibin a wuyana yake, ba a wuyan na'ura ba. Amma damina biyu ke nan ita take noma shi. Har yau ba fatiha, ba takarda, kuma Baba Arzika kullum ƙara tsufa yake yi. Na san wata rana dole a rubuta abin nan saboda yaran, ina ta tunanin yadda za a yi a rubuta ba tare da an sa wani ya faɗa ba, ban samo ba tukuna.

Robo yana nan yana aikinsa, na ciro masa ƙwallon dabinon. Yanzu idan manya za su zauna a gidana, tun da safe nake kife shi in danna maɓallin da ke cikinsa, ya yi shiru har su tafi. Shi nasa maɓallin a fili yake, ja ne, ko yaro ya gan shi. Nawa ne har yau nake lalube.